Ɓarawon da Ya Ninke Rigar Ruwa

Ranar da Tela zai kama hanya, gari ya waye rumfar tsakar gida wayam, babu babur babu dalilinsa. Jakunkunan tamfol da ya ɗinka da hannunsa ya ɗaure a bayan babur tun jiya da yamma, ga su nan an sauke an jera a kan benci. Hular kwano na kife a kansu. Rigar ruwa ma an ninke ta an ajiye a gefe. Abin hawan ne kawai ya yi ɓatan dabo.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, irin wanda in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ke ce maka sannu. Kafin a kira Baba Sawu tsakar gidan ta cika ta batse, kowa ya zama alƙali.

Baba Sawu tsohon mai bin sawun shanun sata ne. Da gwiwa ta gaza masa daji sai ya dawo gari yana sayar da igiya a bakin kasuwa. Kullum kansa a ƙasa yake tafiya, har ana tsokanarsa wai allurar kakarsa yake nema. Shi kuwa sai ya ce ya gode wa Allah da ya karɓe haƙoran ya bar masa idanun. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ƙafafun jama'a, ya girgiza kai.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Ɓarawo ya bar mini sallahu a ƙasa, kun bi kun tattake. Kowa ya koma jikin bango."

Tela na zaune a dokin ƙofar ɗakinsa, ya haɗa kai da gwiwa. Tun da ya sayi wannan babur na hannu bai huta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ya sake tayoyi, ya juye baƙin mai, ya tanadi famfo da sifana da fulogi da igiyar roba, ya tambayi direbobi inda ake samun mai da inda ake kwana. Har gwajin zama ya yi, yana zaga unguwa da kaya a baya don ƙugunsa ya saba.

"Baba, ba babur ɗin ne ya dame ni ba," in ji shi. "Idon Inna ne. Ƙanwata ta bugo ta ce yanzu sai mutum ya matsa har ta ji numfashinsa take gane fuska. Motar ƙauyensu kuma a bakin gada take tsayawa, daga nan sai hanyar duwatsu. Ga hadari kullum yana haɗuwa. In rafi ya kawo, an rufe hanya ke nan sai bayan damina. In na je lokacin, da hannu za ta shafa ni."

Baba Sawu ya ji tausayinsa har cikin ransa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tashi ka wanke fuska, ɗana. Babur ba tsuntsu ba ne, ƙasa ya taka ya fita."

Jama'a kuwa sun riga sun yanke hukunci. Ba a fasa ƙofar gida ba, kuma sakatar ƙofar tana da hali, sai ka ɗaga ta sama ka ɗan ja baya sannan ta zare. Ɗan gida ne kawai ya san haka. A ƙarƙashin rumfa, inda benci ya kare ƙafafun 'yan kallo, ga sawun takalmin roba mai ƙananan ramuka kamar wuta ta ci shi. Wa ke taka garwashi a gidan nan? Wa kuma ya iya ninkin riga? Duk ido ya koma kan Mai Guga, baƙon da bai daɗe da kama ɗakin ƙarshe ba. Wani har ya ɗauko silifas ɗinsa yana ɗagawa sama, ga ƙunar gawayi a tafin.

"A kira 'yan sanda kawai," in ji wata mata.

"Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya," in ji Baba Sawu. "Ku ba ni zuwa la'asar. In na gaza, ku kira har sojoji."

*

Ɗakin Mai Guga ƙamshin sitati yake yi da hayaƙi. Tebur, dutsen guga, buhun gawayi, tulin kayan mutane a ninke har kusa da rufi. Shi kansa yana tsaye jikinsa na ɓari, dogo siriri kamar sandar rake.

"Ka ji motsi?" Baba Sawu ya tambaye shi.

"Na ji, Baba. Gab da asuba na ji an zare sakata. Na ɗauka Tela ne ya yi sammako, yana tura babur don kada ya tashi mutane. Wallahi har addu'a na yi masa daga kan shimfiɗata, na ce Allah ya kai shi lafiya. Ashe ɓarawo nake yi wa addu'a."

Baba Sawu ya sa aka kawo rigar ruwan yadda take, ya ajiye a kan tebur. Mai Guga ya dube ta, nan take rawar jikin ta tsaya, fuskarsa ta murtuke.

"Wannan ake cewa ni na ninke? Hannu ɗaya a waje, wuya a murɗe? Baba, a kira ni ɓarawo, na haƙura, Allah zai saka mini. Amma wannan ninkin kada a ɗora mini shi. Wanda ya yi wannan, buhu ya saba naɗewa."

Dariya ta kusa ƙwace wa tsohon. Ya juya silifas ɗin a hannunsa. Ƙunar gawayi fage take yi, mai faɗi, ba zurfi. Ramukan da ya gani a sawun kuwa ƙanana ne, masu zurfi, a warwatse. Bai ce komai ba tukuna, don bakin da ya yi saurin wanke mutum shi ke saurin jin kunya.

*

A waje sawun ya fito fes. Tura babur aka yi, ba hawa ba, mai turawar yana gefen hagu, takunsa na mai nauyin jiki ne, ba gaggawa, ba waiwaye. Baba Sawu ya bi shi ta bayan shagon aski, ya wuce famfon unguwa, har bakin kwalta. Nan motoci suka cinye labarin.

Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai. Lafiyayyen babur in yana tafiya a miƙe, tayar baya kan hau sawun ta gaba ta shafe shi. Wannan kuwa layi biyu yake bari, tayar baya na ɗan gocewa gefe kamar saniya mai ciwon ƙugu. Ya koma ƙofar shagon Tela inda tsofaffin sawun kwanakin baya suke. Haka suke su ma. Ashe tun ranar da aka sayo shi haka yake tafiya.

Ya nufi wurin Dillali, wanda ya sayar wa Tela babur ɗin. Tela ya ce irinsu kan riƙe makulli na biyu. Ya same shi a rumfarsa cikin jerin babura masu sheƙi, yana zaune ya baje tumbi, takalminsa sau-ciki an goge shi har yana ɗaukar ido.

"An sace babur ɗin Tela," in ji Baba Sawu.

Dillali ya yi salati, sannan ya yi dariya. "To ni aka zo wa? Baba, dubi cikin nan. Ni da in na tura babur daga nan zuwa can sai an yi mini fifita?"

"Gaskiya ne, wannan ba cikin tura babur ba ne. Tambaya ɗaya ce ta rage. Babur ɗin ya taɓa faɗuwa?"

Dariyar ta ɗauke kamar an hura fitila. "Faɗuwa? Wallahi tallahi ko kaza bai taɓa bugewa ba. Wani dattijo ne ke hawansa, daga gida sai masallaci. In ƙarya nake kada in ga gobe."

"Allah ya nuna maka goben," in ji Baba Sawu. Ya lura an yi zancen sata mutumin ya yi dariya, an yi zancen faɗuwa ya hau rantsuwa yana share gumi. "Bayan azahar ka zo gidan su Tela. Akwai maganar da ba za ta yi daɗi ba in aka yi ta ba ka nan."

*

Da rana ta take, inuwar rumfa ta janye, haske ya sauka daidai inda babur ya kwana. Abin da tsohon ke jira ke nan. Ya tuɓe hula, ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya kwanta rub da ciki har gemunsa na taɓa ƙasa.

Ɓarawon ya tsuguna a nan, kuma ya daɗe, don dugadugansa sun nutse. Ba wajen makulli ya tsuguna ba, ba wajen inji ba. Daidai wuyan babur ne, inda kan ke haɗuwa da gangar jiki. A gabansa ga ɓarɓashin baƙin fenti ya zuba. Wane irin ɓarawo ne zai kankare fentin abin da zai kai kasuwa? A cikin sawun kuma wani abu na ɗan ƙyalli, ƙanƙane kamar kan allura.

"'Yata," ya kira matar Tela, wadda ke tsaye a bakin ɗaki ta rafka tagumi. "Maganaɗisun da maigidanki ke tsince allura da shi, yana kusa?"

Ta kawo. Ya ja shi a hankali cikin sawun, ya ɗago. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, dunƙulallu, sun manne a jiki. Gawayi ba ya bin maganaɗisu. Wannan tartsatsin walda ne, irin wanda ke faɗuwa da zafi ya nutse cikin tafin takalmin roba, in mai shi ya tsuguna robar ta lanƙwashe sai ya zubo.

Baba Sawu ya tashi zaune yana kakkaɓe gemu. "Alhamdu lillahi. 'Yata, ƙofar gidan nan mai sakatar nan, wa ya ƙera ta?"

Matar ta dubi ƙasa. "Yayan maigidana ne. Mai Walda. Tun suna shiri."

Kowa a unguwar ya san labarin. Tela da wansa Mai Walda ciki ɗaya suka fito, amma sun daɗe ko gaisuwa ba ta haɗa su. A kan Inna suka ɓata. Wannan ya ce a gidansa za ta zauna, wancan ya ce a nasa, aka yi ta ja-in-ja har tsohuwa ta gaji ta tattara ta koma ƙauye wurin 'yarta. Tun daga nan kowa ke cewa ɗan'uwansa ne ya kore ta.

"Ya yi wata magana a kan babur ɗin?"

Hawaye ya cika mata ido. "Shekaranjiya ya tare ni a hanyar kasuwa. Ya ce in gaya wa ƙanensa kada ya hau hanya sai an duba wuyan babur ɗin. Na gaya masa. Ya ce hassada ce, don ya ga shi zai riga shi ganin Inna. Ya ce in na ƙara kawo masa saƙon mutumin nan, in bi saƙon in tafi. Shi ya sa yau na kama bakina, Baba. Tsoro nake ji kada abin ya zama na kotu tsakaninsu."

"Kin yi daidai da kika faɗa yanzu. Ɗauko mayafinki."

*

Bai gaya wa kowa inda za su ba. Ya sa Tela a gaba, Mai Guga a gefensa, Dillali na binsu yana haki, matar Tela da 'yan gidan haya a baya. Sai da suka tsallaka kwalta suka shiga layin maƙera Tela ya gane. Ya ja ya tsaya.

"Baba, ni ba na taka wannan layin."

"Yau za ka taka. Babur ɗinka ya riga ka."

Layin tsit, babu ƙarar inji ko ɗaya, an ɗauke wuta tun safe. Shagon Mai Walda a rufe yake da rana tsaka. Baba Sawu ya ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa da sandarsa.

"Mai Walda, buɗe. Tsoho ne, ƙafata ta gaji."

Aka ji motsi a ciki. Sannan ƙofa ta buɗe. Ƙaton mutum ne, ya fara furfura, idanunsa jawur don rashin barci, takalmin roba a ƙafarsa. A bayansa ga babur ɗin a kafe, an cire tanki, an kwance wayoyi, wuyansa a kankare ƙarfe tsirara.

Jama'a suka ɗauki salati. Tela ya yi kukan kura zai shiga, Baba Sawu ya tare shi da sanda.

"Ka rasa wanda za ka yi wa sata sai ni?" in ji Tela. "Ka kori Inna bai ishe ka ba, sai ka hana ni ganinta?"

Mai Walda ya sunkuyar da kai.

"Kowa ya saurara," in ji Baba Sawu. "Mai Guga bai taɓa babur ɗin nan ba, addu'a kawai ya yi wa ɓarawon. Wanda ya ƙera sakata shi ya zare ta. Ya sauke kayanka ya jera don kada ka rasa ko fulogi. Ya tsuguna ya kankare fenti don ya tabbatar da abin da idonsa ya hango tun kana zaga unguwa kana yi masa yanga. Da ya tabbatar, sai ya tura. Gani ya kori ji, ɗana. Matso."

Ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan igiya, ya sa tsininta a wuyan babur ɗin. Ta shige. Ya ja ta, ta bi tsagar tana zagayawa, ta ƙasa, ta ɗaya gefen, har ta kusa komawa inda ta faro. Abin da ya riƙe kan babur da jikinsa bai fi faɗin yatsa biyu ba. Gefe ɗaya ga sabon ɗinkin walda an fara, ya tsaya a rabi. A ƙasa ga tarin wani abu mai kama da busasshen ƙullu da aka cusa a tsagar kafin a lafta fenti.

"A kan kwalta zai kai ka," Mai Walda ya yi magana a karon farko, idonsa a kan ƙarfen. "Ramin farko a hanyar duwatsu, ga kaya a baya, kan zai rabu da jikin kana riƙe da shi. Na aiko, ka ce hassada. Da na zo da kaina, ko sallamata ba za ka amsa ba. Na ce bari in ɗauka in ɗinke in mayar kafin ka tashi, ka tafi ba ka sani ba. Ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Na kasa mayar da shi haka, na kuma kasa zuwa in faɗa."

Tela ya sa yatsansa a tsagar. Ya daɗe a haka. Sai ya zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya. Ya hango kansa a yashe a hanyar da ba kowa, ya hango ƙanwarsa tana neman yadda za ta gaya wa Inna. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya, sannan wata irin godiya ta taso masa.

"Dattijon nan mai zuwa masallaci," in ji Baba Sawu yana waiwayawa wajen Dillali, "da alama ta saman katanga yake bi."

Dillali ya riga ya fara ja da baya, amma Mai Guga ya tsaya a bakin ƙofa ya ware dogayen hannuwansa. "Haba Alhaji, ina za ka, ana hira?" Matar nan da ta ce a kira 'yan sanda ta ce to yanzu dai a kira su, tunda an samu na kira. Aka tasa ƙeyar Dillali waje yana rantse-rantse.

Tela ya tashi ya kama hannun Mai Guga da hannu biyu. "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Ina ji ana kiranka ɓarawo na yi shiru."

"Na yafe," in ji Mai Guga. "Allah ya tsare gaba. Amma a gaya wa Yaya ya daina ninke wa mutane riga."

Dariya ta ɓarke, har Mai Walda ya ɗan murmusa. Baba Sawu ya kori sauran jama'a, ya samu wani gwangwanin fenti ya zauna yana murza gwiwa. Shekara da shekaru yana bin sawu, kusan kullum ƙarshensa kuka ne da ɗauri. Yau ya bi ɓarawo ya tarar da ɗan'uwa, ya ji daɗi ƙwarai, ya gode wa Allah da ya nuna masa wannan kafin ido ya tafi.

Ana haka ƙwan fitilar shagon ya kama, injin walda ya ɗauki gurnani, layin gaba ɗaya ya farka. Mai Walda ya jawo abin kare fuska ya sa, ya tsuguna a wuyan babur ɗin. Tela ya tsaya a kansa yana murza hannu, kamar mai neman inda ya ajiye bakinsa.

"Yaya."

Hannun Mai Walda ya tsaya cak. Rabon da ya ji wannan kiran har ya manta.

"Na gode," in ji Tela. "In ka gama, zai ɗauki mutum biyu?"

"In ka rage tarkacen nan naka. Kuma ni zan tuƙa a duwatsu."

"An ce sai mutum ya matsa kusa sosai take gane fuska."

"To sai mu matsa," in ji Mai Walda. Ya gyara ƙarfen da ya rufe fuskarsa. "Riƙe mini kan nan da kyau. Kuma kau da idonka, zan kunna."